An kama mai asusun da aka tura kuɗin Baba, danginsa na neman sulhu: mu karɓa ko mu tafi kotu?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don Allah a karanta har ƙarshe kafin a amsa.

Mahaifinmu tsohon ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, yana cikin tsohon tsarin fansho, waɗanda hukumar fansho ta PTAD ke biya. Wata huɗu da suka wuce wani ya kira shi, ya ce daga Abuja yake, ya karanto masa cikakken sunansa da ma'aikatar da ya yi wa aiki da shekarar da ya yi ritaya. Ya ce ariyas ɗinsa na ƙarin naira 32,000 ɗin nan da aka yi wa 'yan fansho ya haɗu da wani tsohon bashi, sun haura miliyan huɗu, amma fayil ɗin ya maƙale sai an biya kuɗin haraji da na tantancewa. Baba bai gaya wa kowa ba. Ya sayar da filinsa na bayan gari, ya tura naira 950,000 kashi uku. Sai da lambar ta daina shiga muka ji labari.

Mun kai ƙara, 'yan sanda sun bi asusun, sun kamo yaron da ke da shi, mai POS ne a wata jihar. Ya ce hayar asusun aka yi, ana ba shi dubu goma duk sanda kuɗi ya shigo, bai san mai kiran ba. Yanzu kawunsa ya zo yana roƙo, za su ba mu 400,000 a hannu mu janye ƙara. Ɗan sandan da ke riƙe da maganar ya ce ruwanmu. Yayana ya ce a karɓa. Ni ina ganin in aka je kotu alƙali zai sa a biya mu duka. Baba kuwa kunya ta hana shi ko tada zancen. Akwai wanda kotu ta taɓa sa aka biya shi irin wannan kuɗi? Nawa ya kashe kafin nan?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Innalillahi. Maza ku je bankinsa yau ɗin nan su rufe wancan asusun kafin a kwashe kuɗin. Haka aka yi wa surukata, da yake an je da wuri an samo fiye da rabi.

Ɗan Tudun Wada:
Hajiya, wata huɗu fa na ce. Asusun ko kuɗin kati babu a ciki.

Baban Walid:
Ku rubuta wa NDIC, hukumar inshorar kuɗin da aka ajiye a banki. Na ji yanzu har miliyan biyar suke biya.

Tsohon Kashiya:
Baban Walid, miliyan biyar ɗin nan da aka ɗaga zuwa gare ta a 2024 ta masu ajiya ce idan banki ya durƙushe. Bankin Baba lafiyarsa ƙalau, shi da hannunsa ya yi tiransifa. Ko ƙorafi aka kai bankin, aka jira mako biyu aka wuce Babban Banki, abin da za su duba shi ne ko bankin ya yi sakaci. Wanda ya danna lambar sirrinsa da kansa, da wuya. Malam, ka karɓi dubu ɗari huɗun nan. Irin yaran nan na gan su da yawa, ba su da komai sai na'ura da lema. Kawun ma ƙila rance ya ciwo.

Ummu Fadila:
Ku har kun ga wanda za ku kama. Ku gode wa Allah.

Babanmu shekara talatin da biyar ya yi yana aikin gwamnati. A 2011 aka wayi gari babu sunansa a jerin masu karɓar fansho. Bai mutu ba, bai yi laifi ba, sunan ne kawai ya ɓata. Tsoho mai hawan jini ya dinga hawa motar dare zuwa Abuja, ya kwana a masallacin tasha, da safe ya je ya zauna a kan benci a ƙofar ofis da leda cike da takardu. A nan barandar wani mai kwat ya same shi, ya ce shi yana da hanya a ciki. Mamanmu ta sayar da 'yan kunnenta na gwal aka ba shi. Ya kawo wata takarda mai hatimi, muka yi murna har da sadakar waina. Ashe a shagon buga takardu aka yi ta.

Ya rasu a 2014 da bashin mai kemis a kansa. Bayan rasuwa kuma aka ce mu kawo takardar kotu ta magada, mu kawo shaidar mutuwa, mu kawo takardar ɗaukarsa aiki ta asali. Ta asalin tana cikin fayil ɗin da suka ce ya ɓata. Yayanmu ya bi har ya gaji ya ce ya bar wa Allah. Ni ban bari ba, kuma ban yafe ba.

A shekarun da muke wannan wahala ne aka yanke wa John Yakubu Yusuf hukunci a 2013 kan kuɗin fanshon 'yan sanda, biliyoyin naira, aka ce shekara biyu ko tarar 750,000. Ya biya ya tafi gida. Tararsa ko kuɗin filin Babanku ba ta kai ba. Ban ce shi ya ci na babana ba, babana ba ɗan sanda ba ne. Amma ranar da na ji a rediyo na san babu wanda zai biya mu.

Maman Ilham:
Allah ya ji ƙan Baba, ya saka muku. Wallahi har na yi hawaye.

Lauyan Gobe:
Allah ya gafarta masa. Amma Anti, maganar ba ta tsaya nan ba. EFCC ta ɗaukaka ƙara, a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi shekara shida, ta ce ya biya biliyan 22.9, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2022. Abdulrasheed Maina ma, da aka ba shi gyaran fansho, Mai Shari'a Okon Abang ya ɗaure shi shekara takwas a Nuwamban 2021, aka ce ya dawo da kusan biliyan 2.1.

Ummu Fadila:
Ya dawo wa wa? Gwamnati aka ce a mayar wa, ba mamanmu ba. Ƙanena, ka karanta wannan a littafi, ni na wanke gawa.

Gwanin Shayi:
Ni dai shawarata ga kawun yaron ce: kafin ya tsaya masa beli ya nemi Sanata Ndume ya ji yadda kwanan gidan yarin Kuje yake. Shi ma tsaya wa Maina ya yi, mutumin ya cika wandonsa da iska.

Ɗan Maraɗi:
Kuma a Yamai aka damƙo muku shi a 2020. Har yau ba mu ga tukuici ba.

Gwanin Shayi:
Tukuicinku na cikin ariyas. Turo dubu hamsin a fito maka da fayil.

Lauyan Gobe:
A bar wasa, mutum na cikin damuwa. Ɗan Tudun Wada, abin da kake tunani yana cikin doka. Dokar zamba ta 2006 ta ce bayan ɗauri kotu ta umarci mai laifi ya mayar wa wanda ya cuta dukiyarsa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ma, sashe na 319, ta ba alƙali ikon sa a biya diyya. Sai dai umarni daban, kuɗi daban. In yaron ba shi da gida ko mota da za a sayar, takarda za ku riƙe yana gidan yari.

Abin da nake gani: kada ku sa hannu a takardar janyewa a caji ofis. Ku bari a gurfanar da shi, a kawo dubu ɗari huɗun a gaban alƙali a rubuta, ragowar 550,000 a yanka masa wata-wata, kawun ya tsaya a matsayin mai lamuni. Ku ɗauki lauya ya zauna muku a shari'ar, ba zai wuce dubu saba'in ba.

Baban Walid:
Dubu saba'in a ina? Ni a kan rikicin shago lauya 250,000 ya caje ni, ban da kuɗin mai duk zaman kotu.

Maman Ilham:
Namu kashi goma cikin ɗari na abin da aka karɓo ya ce, bai karɓi ko sisi a farko ba.

Baban Walid:
To wannan ɗan'uwanku ne.

'Yar Gusau:
Ku je Legal Aid, kyauta ne.

Lauyan Gobe:
Sun fi tsaya wa wanda ake tuhuma marar hali. Ƙila ma yaron za su tsaya wa.

Tsohon Kashiya:
Lauyan Gobe, aji nawa kake ne? Ka taɓa zaman jiran shari'ar da aka ɗage saboda ba a samu motar kawo fursuna ba? Da zarar an kai yaron kotu kawun zai ɗauki kuɗin nan ya ba lauya da masu beli. Kuɗin na kan tebur ne saboda tsoron kotu. In aka shiga, tsoron ya ƙare.

Lauyan Gobe:
Yallaɓai, aji huɗu nake, ban ɓoye ba. Amma ku ma'aikatan banki ku kuke buɗe wa irin yaran nan asusu, kuɗi na shiga na fita ba wanda ya ce uffan. Shawarar a karɓi rabi a yi shiru ita ta sa gobe zai sake bayar da hayar wani asusun.

Tsohon Kashiya:
Na bar aiki tun kana firamare. Kuma mutumin nan kuɗin babansa yake nema, ba gyaran Najeriya ba.

Kawu Na Zariya:
Yara, ku duka kun manta da mai kuɗin. Ɗana, ka tambayi mahaifinka? In aka je kotu shi zai tsaya a akwatin shaida, lauyan yaron ya tambaye shi a gaban jama'a yadda aka yi mai iliminsa ya tura wa wanda bai taɓa gani ba kusan miliyan. Ni ɗan fansho ne, na san abin da wannan zai yi wa dattijo. Ka samu amininsa ko limamin unguwarku su zauna da shi. In ya ce a karɓa, a karɓa. Da babu gara ba daɗi.

Sannan ku gaya wa tsofaffinku, PTAD ta sha faɗa cewa ba ta karɓar ko kwabo a kan biyan haƙƙin kowa. Duk wanda ya kira ya ce a turo, ɓarawo ne.

'Yar Gusau:
Kawu, ni abin da ke ɗaure min kai, ina suke samun sunan mutum da ma'aikatarsa har da shekarar ritaya? Mahaifiyata ma an kira ta, har lambar fayil aka faɗa mata. Allah ya sa ina kusa.

Kawu Na Zariya:
'Yata, duk tantancewar da aka kira sai mun yi hoton takardunmu kala-kala a shagunan bakin sakatariya. Wanda ya lalace a injin nan ake yar da shi. Na taɓa sayen ƙosai aka naɗe min a takardar ritayar wani.

Ummu Fadila:
Tantancewa! A jiharmu an tara tsofaffi a rana tun asuba, wani ya faɗi a layi. Kuma garatutin mijin yayata shekara shida ke nan. Wai akwai masu fito maka da shi in ka yarda a cire kashi talatin.

Baban Walid:
Kashi ashirin ne a wajenmu.

Ummu Fadila:
Talatin aka ce mata, da kunnena na ji.

Tsohon Kashiya:
Ya danganta da girman kuɗin da kuma wanda ya kai ka.

Ɗan Tudun Wada:
Jama'a, kawun ya sake kira yanzu. Ya ƙara dubu hamsin, ya ce zuwa Juma'a in ba mu amsa ba zai ba lauya. Lauyan Gobe, in aka rubuta a gaban alƙali kuma suka daina biyan ragowar, me ake yi?

'Yar Gusau:
Baban Walid, masu kashi ashirin ɗin nan, kafin kuɗin ya fito ake ba su ko bayan ya shiga asusu? Kawuna na ƙaramar hukuma ne, tun 2019 yake jira.

Baban Walid:
Bayan ya shiga. Amma sai ka bar musu katin ATM ɗinka.

Kawu Na Zariya:
Katin ATM kuma? 'Yata, kar ki kuskura.