Igiyar da ke bakin raƙumin dawan Dabus

Mai zane, Zango: Salamu alaikum. Wata uku ke nan ina kwaikwayon raƙumin dawan Dabus a kan ƙyalle, wanda aka sassaƙa a jikin dutse arewa da Agadas. Tsawonsa ya haura mita 5, kuma kowane tabo na fatarsa sai da aka zagaye shi ɗaya bayan ɗaya, da dutse, tun ba a san ƙarfe ba. Ni dai na tsaya a kan cewa wanda ya yi aikin nan ƙaunar dabbar yake yi. Ba a shan wannan wahala a kan abin da za a yanka a ci.

Tsohon maharbi, Mirya: Wa alaikumus salam. Ɗana, ban yarda ba. Jikana ya nuna mini hoton a salula. Akwai zare da ya sauko daga bakin dabbar zuwa wani ɗan mutum a ƙasa. Igiya ce. Kama ta ya yi, ya rubuta bajintarsa a dutse.

Malama, Birni: Baba, masana ma ba su daidaita a kan zaren nan ba. Wasu sun ce igiya, wasu sun ce alamar dangantaka ce tsakanin mutum da dabba. Abin da aka fi yarda da shi, aikin ya kai shekara 6,000 zuwa 8,000, lokacin da hamada ke da ciyawa da tafkuna. Christian Dupuy, Bafaranshe, shi ya fara sanar da duniya shi a 1987. Kuma raƙuman dawan biyu ne, babba da ƙarami a gefensa.

Mai zane: To Baba, ka ji. In bajinta ce, don me ya yi kansa ɗan ƙarami haka, ya ba dabbar dutsen duka?

Tsohon maharbi: Wannan tambayar ta shige ni. Amma kuskurenka, ka raba farauta da ƙauna. Ina saurayi na harbi barewa a dajin Tanut. Da na isa wurinta, ashe tana da ɗa. Bai gudu ba. Ya tsaya kamar taku goma da ni, ƙafafunsa na rawa, kunne a miƙe, yana shinshinar iska. Na kai naman gida, aka dafa, na kasa kai loma baki. Shekara ta fi 40, har yau in na rufe ido ina ganin tsayuwarsa. Da na iya sassaƙa, shi zan sassaƙa, kuma ni ne na kashe uwarsa.

Ɗalibi, jami'a: Ku gafarce ni manya. Ni ina ganin masu zane su ke ɗora wa dabba zuciyarsu. Na ga zanen barewa da hawaye. Duhun da ke ƙasan idonta launin gashi ne, da wani ɗan rami mai fitar da ruwan ƙamshi. Ba kuka ba ne.

Tsohon maharbi: Gaskiyarka yaro, ba hawaye ba ne. Wanda ya zana mata hawaye bai taɓa kwana a daji ba. Amma ɗan nan ya tsaya, da idona na gani.

Malama: Ni abin da ke ci mini rai, ƴan ajina ba su san mena, wata irin barewa, ba sai a sunan ƙungiyar ƙwallon ƙasa. Raƙuman dawan Kure sun ragu har 49 a 1996, da kula suka haura 600, har aka kai 8 Gadabeji a 2018. Ranar da na liƙa hotonsu a allo, wata yarinya ta tambaye ni ko a Nijar suke.

Mai zane: Baba, ban janye maganata ba, amma idon ne ya gagare ni. Sau huɗu ina gogewa. Kullum sai ya fito kamar idon mutum.

Tsohon maharbi: Don a gaba kake sa shi. Nasu a gefen kai yake, yana kallon abin da ke zuwa ta baya. Ran Alhamis in na shigo kasuwa zan biyo ta Zango, ka fito mini da ƙyallen.