Zamba ce ko tsufa?

Uwar Biyu: Jama'a, raina a ɓace yake. Wayata shekara biyu kacal, batir ya kumbura, mai gyara ya ce da gam aka manne shi, cire shi sai an yi kasadar fasa gilashi. Kamfanonin nan zamba suke mana, da gangan suke ƙera kaya su mutu da wuri mu sake saye.

Injiniya: Sannu Hajiya, amma kalmar zamba ta yi nauyi. Kowane caji yana rage wa batir ƙarfi. Tsufa ne.

Malamin Tarihi: Injiniya, to me za ka kira abin da aka ƙulla a birnin Janiba na ƙasar Switzerland a 1924? Kamfanonin Osram da Philips da wasu suka haɗa baki kada ƙwan lantarki ya wuce awa 1,000, kamfanin da nasa ya wuce a ci shi tara.

Injiniya: Haɗin baki ne wannan, Malam. Zamba sai an yi maka ƙarya.

Anti Lauya: Ɓoye gaskiya fa? A 2020 Faransa ta ci Apple tarar Yuro miliyan 25 kan rage gudun tsofaffin iPhone ba tare da sanar da masu su ba.

Ɗan Autan Zaure: Kullum Apple! A 2018 Italiya ta ci Samsung ma tara, Anti, me ya sa ba ki faɗa ba?

Anti Lauya: A hukuncin nan na Italiya, tarar Apple ta ninka ta Samsung, ƙanena.

Ɗan Autan Zaure: Hassada ce ke damun mutane.

Mai Gyara: Kai yaro, bar zancen hassada. Mu da muke buɗe wayoyin mun ga sukurorin da sai da sukudireba ta musamman suke kwancewa.

Injiniya: Ku ai lalacewar ce abincinku.

Mai Gyara: Allah ya kiyaye! Abin da ba ya buɗuwa ta ina zan ci da shi? Ka janye maganar nan.

Injiniya: Ban kira sunanka ba.

Shugaban Zaure: A yi haƙuri. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda da Injiniya cewa tsufa ne, kuma kowa ya daina kwana da waya a caji.

Anti Lauya: Ranka ya daɗe, yawancinmu su wa? Mutum biyu ne.

Uwar Biyu: Ni dai har yanzu ba wanda ya gaya mini dalilin manne batir da gam.