Ina son yin furojet a kan tsofaffin ƙauyenmu, ta ina zan fara?

'Yar Jahun:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji uku a jami'a, ina karanta soshiyoloji, kuma an ce mu fara tunanin maudu'in furojet, wato binciken kammala digiri. A ajinmu kusan kowa ya karkata ga shaye-shaye, talla da almajiranci. Ni kuwa tsofaffi ne a raina.

A ƙauyenmu babu gidan da za ka shiga ka rasa tsoho ko tsohuwa mai fama da gwiwa, ko yanar ido, ko hawan jini, ko mantuwa, kuma amsar kowa ɗaya ce: "Ai tsufa ne." Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da ke fita da sassafe da ƙwarya, wai za ta kai wa maigidanta fura gona, alhali ya rasu tun kafin a haife ni. Yara na bin ta, wasu manya har sun fara raɗe-raɗin maita. Ba a taɓa kai ta asibiti ba.

Na karanta cewa a Amurka cibiyar nazarin tsufa ta ƙasarsu, NIA, ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna ADAR, inda aka riƙa ɗaukar ɗaliban digirin farko daga al'ummomin da ba su da yawa cikin masana kimiyya, a haɗa kowa da malami, a koya masa binciken tsufa tun yana aji biyu ko uku. Mu 'ya'yan karkara fa, wa zai koya mana? Don Allah wanda ya san hanya ya taimaka.

Malamin Lafiyar Al'umma:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Wancan shirin na ɗaliban jami'o'in Amurka ne, kada ki ɓata lokaci a kansa. Abin da za ki ɗauka daga cikinsa shi ne tsarin: malami ɗaya da zai riƙe ki, tambaya ƙarama, da aiki a fili. Waɗannan kina iya samunsu a nan.

Ki fara da karanta abin da aka yi a Ibadan, don can ne wannan fanni ya yi jijiya a Najeriya. A 1992 aka fara wani bincike da ya kwatanta tsofaffin Yarbawa na Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis, aka gano cutar mantuwa ta Alzheimer ta fi ƙaranci a Ibadan. A 2003 Farfesa Oye Gureje ya jagoranci wani da ya bi tsofaffi sama da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama. A 2012 kuma aka buɗe cibiyar kula da tsofaffi ta Tony Anenih a asibitin koyarwa na Ibadan. To ki lura, duka a ƙasar Yarbawa ne. Abincinsu daban, zaman gidajensu daban. Abin da aka samu a can ba dole ba ne ya zama shi ne halin tsohuwar da ta yi shekara sittin tana daka da surfe a Jahun.

Ga inda irinki ke da amfani. Shahararren gwajin ƙwaƙwalwa da ake kira MMSE yana sa mutum ya faɗi kwanan wata, ya rubuta jimla, ya yi ta cire bakwai daga ɗari. Ki kai wannan wa Inna da ke lissafi da watan Azumi da ranar kasuwa, za ta faɗi warwas, a rubuta tana da cutar mantuwa, alhali ita ce ta haddace bashin kowa a unguwa. Shi ya sa masana a Ibadan suka fito da gwajin tsinken ashana: a jera tsinke huɗu a wata siffa, a ce tsoho ya kwaikwaya. Ba ya buƙatar biro ko karatun boko. Amma ko shi ɗin sai an samu wanda zai yi bayaninsa da Hausar da tsoho zai gane ba tare da ya ji an mai da shi yaro ba.

Haka shekaru. Kada ki tambayi "Shekararki nawa?" don za a ce miki ɗari. Ki tambaya ko ta yi wayo lokacin da aka kashe Sardauna a 1966, ko an yi mata aure kafin a canja fam zuwa naira a 1973, ko 'ya'yanta nawa sa'ad da aka ba mu jihar Jigawa a 1991. Da amsa biyu ko uku za ki kusanci gaskiya.

Sai dai ki sani, ke ba likita ba ce, ba ki da hurumin cewa wance na da cuta kaza. Ki tsaya a inda karatunki ya ba ki ƙarfi: wa ke kula da tsoho a gida, me ake kashewa, me ake kiran ciwon. Kuma kafin ki yi wa kowa tambaya, ki nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ta hannun malaminki.

Anti Nas:

'Yata, Allah Ya yi miki albarka. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti a yankin Gumel. Tsofaffi mata ba sa zuwa mana sai ɓarin jiki ya shanye, an ɗauko su a amalanke. Namiji baƙo iyakarsa zaure, ke kuwa za ki shiga har ƙuryar ɗaki ki ga inda take kwana da nisan banɗaki. Wannan dama ce babba.

Ki fara da gaida dagaci da mai unguwa, su haɗa ki da wata dattijuwa ta riƙa raka ki. Kada ki je da damina ko ranar kasuwa. Ki zauna a tabarma, kada ki karɓi kujera in ita tana ƙasa. Da sun ga takarda da biro za su ɗauka rajistar tallafi ce, don haka ki faɗa musu tun farko cewa ba kuɗi kika kawo ba. Idan kika tarar da wadda jikinta ya yi tsanani, ki ajiye tambayoyin, ki yi wa 'ya'yanta maganar asibiti.

Ɗan Ringim:

Ni dai tambayata, bayan ta gama wa zai ba ta aiki da wannan? Iyaye sun sayar da gero da awaki sun biya kuɗin makaranta.

Malamin Lafiyar Al'umma:

Tambayarka a kan hanya take, Malam. Guraben aikin ba su da yawa yanzu. Amma a 2021 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa, Cibiyar Dattawa ta Ƙasa ta fara aiki a Abuja, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2021 zuwa 2030 don lafiyar tsofaffi. Sannan wadda ta iya tattara bayanai a karkara, ta iya sarrafa alƙaluma a kwamfuta, ana nemanta ko a binciken rigakafi ko na haihuwa. Da digirinta tana iya neman digiri na biyu a fannin da ya shafi lafiyar al'umma ko ƙidayar jama'a.

'Yar Jahun:

Na gode ƙwarai, Malam da Anti. Na tsayar da shawara a kan masu jinya, wato surukai da 'yan mata jikoki da ake bar wa kaka, har wasu su daina zuwa makaranta. Amma Malam, hirar da Hausa zan yi, furojet kuma da Turanci ake rubutawa. Yaya zan yi kada maganarsu ta lalace?

Malamin Lafiyar Al'umma:

Ki nemi izininsu ki ɗauki murya a waya, ki rubuta hirar da Hausa yadda aka faɗe ta, har da karin maganar. Daga nan ki fassara, ki ba wani da bai ga asalin ba ya mayar da fassarar zuwa Hausa, ku kwatanta. Inda suka saɓa, ki koma ki sake sauraro. Ki cire sunaye da sunan unguwa. Ki yi hira da surukar ita kaɗai, ba a gaban mijinta ko uwarsa ba, in ba haka ba "lafiya lau" kawai za ki kwaso. Ki rubuta shafi ɗaya kan tambayarki da gidaje nawa kike son shiga, ki kai wa malamin da kika fi sakewa da shi a sashenku kafin a raba ku ga malaman da za su duba furojet ɗinku.