Kuɗin buɗe ƙofa da dare a Yamai: nawa kuka biya?

Ɗan Bukoki:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Daren Alhamis wajen ƙarfe 11 makulli ya karye mini cikin ƙofa, rabi a hannuna rabi a ciki, ga iyali da yara tsaye a waje sauro na ci. Maƙwabci ya kira mini wani mai gyara, ya zo bisa moto daga Wadata. Ya ɗan taɓa guntun da waya, ya ce ba ya fita, sai ya huda kanon ɗin, wato ƙarfen da ake soka makulli a ciki, ya sa sabo. Aikin bai kai rabin awa ba. Na ce nawa, ya ce jika 15 (sefa dubu 15): wai 5 ta kanon, 10 ta hannu da fitar dare. Muka yi ta ja-in-ja har maƙwabta suka fito. Na ba shi jika 10, ya amsa yana gunaguni, ya ce sauran bashi ne a kaina. Jiya ma ya kira. Wanda irin haka ta taɓa samu ya faɗa mana, in san ko in cika mishi ko in share.

Maman Zalika, Talaje:
Wa alaikumus salam. Ni kwaɗo ne, yaro ya yar da makulli a hanyar lakkwal. Mai waldar unguwarmu ya zo da injin yanka, sai ga shi ba wuta. Da zarto ya yi ta fama cikin ranar watan Afrilu, zufa har ta jiƙa mishi riga. Ya ce jika 2, ban ko taya ba. Amma fa da rana ne, kuma mun san juna.

Baban Nura mai walda:
Malam Ɗan Bukoki, sana'ata ce, bari in faɗi ta ɓangarenmu. In aka kira mu da dare muka ce a yi ciniki, abin da muke ji shi ne "kai dai zo, ba matsala". Mutum na waje kana mishi kamar likita, ƙofa na buɗewa fuska ta sauya, sai ka ji "ɗan wannan aikin?" Ba a lissafa man moto, ba a lissafa barcin da ka bari. Ga kuma masu sintiri: a tsayar da kai tsakar dare da jaka cike da guduma da kurfi da makullai, sai ka yi dogon bayani kafin a yarda ba ɓarawo ba ne. Shi ya sa ni ba na taɓa ƙofa sai an kira maƙwabci ya shaida gidan naka ne.

Amma gaskiya ɗaya ce, a cikinmu akwai masu gaggawar hudawa. Guntun makulli sau da yawa yana fita in an diga mai aka bi shi da haƙuri da siririn ƙarfe mai ƙugiya, musamman in bai juya a ciki ba. Wanda ya zo da kanon a aljihu kuwa, so yake ya sayar. Kanon kuma iri-iri ne, ka zaga Katako ka gani: akwai mai araha da ba ya shekara, akwai mai nauyi na gaske. Ya ba ka kwalin? Makullai nawa ya miƙa maka? Ka duba adadin da ke rubuce ko ka tambayi mai shago nawa irinsa ke zuwa da su. In ɗaya ya ɓace, wannan ta fi jika 5 damuna.

Ɗan Bukoki:
Uku ya ba ni, ba kwali. Daga aljihu ya zaro shi.

Malam na Harobanda:
Tawa ta fi taka zafi. Ƙofar ƙarfe ce, makullin an yi mishi walda a jiki, harshen ya maƙale. Wanda na samu sai da ya ƙetaro Gadar Kennedy. A waya ya ce jika 7, na yarda. Da ya zo ya duba ya ce sai an yanke akwatin makullin a sake liƙawa, ya kama aiki bai ƙara maganar kuɗi ba. Yana gamawa ya ce jika 20. Na ce ba mu yi haka da kai ba. Ya ce jika 7 ta buɗewa ce, walda daban. Ya zauna bisa motonsa a ƙofar gida ya ce ba inda za shi, har ya fara ambaton kwamisariya.

Da safe muka je wurin mai unguwa. Tsohon bai yi dogon zance ba. Ya tambaye shi, "Da ka ga aikin ya ƙaru, ka faɗa mishi sabon kuɗi kafin ka kunna inji?" Ya ce a'a. Ya juyo gare ni, "Kai da ka ga ana walda, ka zaci kyauta ce?" Ya yanke jika 12, muka yi musabaha. Har yau ina ganin 10 ta isa, amma ba a musu da mai unguwa a gaban jama'a.

Ƴar Lazare:
Mu iska ce ta bugo ƙofa, makulli na soke ta ciki, na biyun ya ƙi shiga ta waje. Ƙanen maigidana ya haura katanga ya zira hannu ta taga. Dala 100 (sefa 500) na ba shi ya sha shayi, ita ma sai da ya yi ƙorafi.

Alhaji mai shago, Babbar Kasuwa:
Ɗana, ka kai tsohon kanon da sabon makullin wurin mai sayar da su, ya faɗa maka kuɗin irinsa. In ya ninka maka, ka nuna mishi. In bai ninka ba, ƙara mishi jika 2 ku rabu lafiya. Mutumin da ya fito maka ƙarfe 11 na dare ba a yar da lambarsa.

Maman Zalika, Talaje:
Alhaji, ai tsohon ma sau da yawa tafiya suke da shi. Baban Nura, ni tambayata: in gidan haya ne, wa ke biya?

Baban Nura mai walda:
Hajiya, abin da na saba gani, in ɗan haya ya yar da makulli ko ya karya, shi ke biya. In makullin ne ya tsufa ya ci, masu gida da yawa suna yarda a cire daga kuɗin wata, in dai an kira su kafin a huda. Ni wanda ya kira ni shi nake bi, ba na zuwa neman mai gida a Kwara Kano.