Faifai takwas, kwamfuta na ganin tera 2 kawai

Abba Edita: Assalamu alaikum 'yan zaure. Mun sayo akwatin ajiya mai faifai 8, kowanne tera (terabyte) 8, aka haɗa su RAID 6, wato su zama ma'aji ɗaya, girman faifai biyu ya tafi wajen kare bayanai, tera 48 ke nan. Amma Windows tera 2 take ba ni, sauran ya ƙi taɓuwa. Mu zauna a Windows ko mu koma Linux?

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Tsohon tsarin raba faifai na MBR ka yi masa, shi kuwa ba ya wuce tera 2. Mayar da shi sabon tsarin GPT tun ba ka zuba komai ba.

Anti Bilki: Kuma wajen fomat ɗin NTFS, tsarin ajiye fayil na Windows, ka zaɓi girman yankin ajiya (cluster) 64K da hannunka, ya kai ka tera 256. In ka bar wa Windows zaɓi, wanda zai ishi girman yau kawai take ɗauka, ranar ƙara faifai sai ka maƙale. Mai 4K a tera 16 yake tsayawa.

Baban Hanifa: Wannan tera 16 ɗin ita ta kusa raba ni da aiki, Abba ka saurara. A wani wurin da na yi aiki mun fara da ext4, tsarin ajiye fayil na Linux, a kan tera 12, RAID 5, mai jure mutuwar faifai ɗaya kawai. Bayan shekara biyu ya cika, maigida ya sayo ƙarin faifai, na zo faɗaɗawa, resize2fs, manhajar faɗaɗa ext4, ya ce ba zai haura tera 16 ba, don tun farko ba a kunna zaɓin 64bit na manyan ma'ajiyai ba. Daga sigar 1.43 ta e2fsprogs, kayan aikin ext4, ne ake iya juya shi zuwa 64bit ba tare da gogewa ba, namu kuwa tsoho ne. Dole muka ari faifai muka hau kwashewa. Kwana na uku aka ɗauke wuta, batirin inbata ya mutu kafin a tada janareta. Da aka kunna, faifai ɗaya bai tashi ba. Ana cikin sake gina shi na biyu ya fara kuka. Bidiyon bikin mutane huɗu ya tafi, ni aka tura gidajensu ba da haƙuri. Wallahi har yau in na tuna fuskar uwar amarya ɗaya ba na jin daɗi. Tun ranar XFS, wani tsarin ajiye fayil na Linux, nake sa wa duk babban ma'aji. Kamfanin Red Hat ma shi ya ɗauka a Linux ɗinsa tun RHEL 7 a 2014. Sai dai XFS ana ƙara masa girma, ba a rage shi.

Sadiku: Allah ya kiyaye gaba, Baba. Amma ai laifin RAID 5 ne da wuta, ba ext4 ba.

Baban Hanifa: Wa ya sa ni kwashe kayan tun farko, yaro?

Malam Nura: Ni dai TrueNAS, manhajar akwatin ajiya, da tsarin ajiye fayil nasa ZFS. ZFS yana duba kowane yanki na fayil, in ya lalace ya gyara.

Sadiku: Malam, akwatin Abba katin RAID gare shi, mai nuna faifan a matsayin guda ɗaya. ZFS so yake ya ga kowane faifai kai tsaye, ga cin RAM.

Malam Nura: Sai ya sayi HBA mana, katin da ke nuna kowane faifai kai tsaye, kuɗinsa bai kai na faifai ɗaya ba.

Anti Bilki: Yaran da ke masa aiki Windows suka iya fa. Wa zai riƙa zuwa gyara in ya tsaya da dare?

Ummi Kaduna: Baba, wane irin batir ne ya ba ku kunya? Namu ma ya fara rauni.

Abba Edita: Na mayar GPT, ya fito duka, Allah ya saka da alheri. Ban yi fomat ba tukuna, ina jiran Malam da Anti su daidaita.