Kewaya Alƙahira a yini ɗaya da direba da ɗan jagora: me za a gani, me za a bari?

Ɗan Zazzau:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwa da suka san Alƙahira ciki da bai. Na rako mahaifina ganin likita, an kuma sallame mu lafiya, alhamdu lillahi, amma jirginmu ba zai tashi ba sai safiyar Asabar, saboda haka ranar Juma'a ce kaɗai ta rage mana. Masaukinmu yana Madinatu Nasr.

Wani kamfanin yawon buɗe ido ya yi mana tayin mota mai na'urar sanyaya ɗaki, da direba, da ɗan jagora, na tsawon awa takwas. A takardarsu sun jera dalar Giza, da gidan tarihi, da ganuwar Salahuddin, da masallacin Azhar, da kasuwar Khan al-Khalili. Mahaifina ya haura shekara saba'in, gwiwarsa tana damunsa, kuma mutum ne da ya ƙarar da rayuwarsa a karatun zaure, don haka babban burinsa shi ne ya yi sallar Juma'a a Azhar, ya kuma ziyarci kabarin Imamu Shafi'i, wanda ma ba ya cikin takardar. Ni kuwa ba na son in koma gida ban ga dala ba.

Tambayata kashi biyu ce. Shin wannan jerin yana yiwuwa a yini ɗaya tare da dattijo? Sannan, tunda Baba yana jin Larabci, akwai buƙatar biyan ɗan jagora, ko direba kaɗai ya wadatar?

Ɗalibin Azhar:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Malam, jerin da aka ba ka an tsara shi ne don matashi mai ƙafa, wanda bai damu da komai ba sai ɗaukar hoto a bakin kowace ƙofa. Idan aka cire lokacin sallar Juma'a da na cin abinci da na tafiya a mota, abin da zai rage wa kowane wuri bai fi a sauka a leƙa a koma mota ba. A ganina ku bar Giza gaba ɗaya, ku ba tsohon birni yinin nan, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Sa'ar da kuka yi ita ce ranar Juma'a ce. Hutun mako a Masar Juma'a ne da Asabar, kuma da safiyar Juma'a titunan da a sauran ranaku mota ke tsayawa cik a kansu sukan zama fayau har zuwa azahar. Ku fita da sassafe ku nufi kudu, Fusɗaɗ, inda Amru ɗan Asi ya kafa sansaninsa bayan buɗe Masar wajen shekara ta 641. Masallacinsa shi ne na farko da aka gina a ƙasar, ko da yake an sha rushe shi ana faɗaɗawa, har ginin da za ku gani yau ba na zamanin sahabbai ba ne. Shimfiɗaɗɗe ne, babu hawa babu gangara, Baba zai iya zama ya yi nafila a tsanake.

Daga nan kabarin Imamu Shafi'i ba shi da nisa a mota. Ya rasu a Masar a shekara ta 820, wato 204 bayan Hijira, ƙubbar da ke kansa kuma Sarki Al-Kamil na gidan Ayyubawa ne ya gina ta a 1211. Idan kun fito, ku ɗaga kai ku dubi saman ƙubbar daga waje, za ku ga siffar ɗan ƙaramin jirgin ruwa na ƙarfe a ƙololuwarta, abin da yawancin masu ziyara ke wucewa ba su lura da shi ba. Wurin yana cikin maƙabartar Ƙarafa, kuma a 'yan shekarun nan an yi ayyukan tituna da gadoji da suka sauya hanyoyin yankin, saboda haka ku tambayi direban tun daren Alhamis ko ya taɓa kai mutane can, kada ku wayi gari kuna zagaye a tsakanin kaburbura.

Idan lokaci ya ba da hali, ku tsaya a masallacin Sultan Hasan, wanda aka fara ginawa a 1356. An yi shi ne da makarantu huɗu a kusurwoyinsa, kowace mazhaba da tata, har da ta Malikiyya, kuma na tabbata mutum irin Baba zai fi jin daɗin tsayawa a tsakar gidan nan fiye da duk wani gidan tarihi. Akwai matakala a bakin ƙofar, amma da sanda da kafaɗarka zai hau. Ganuwar Salahuddin kuwa, wadda aka fara a 1176, a kan tudu take, tafiyar cikinta doguwa ce a kan daɓen dutse mai hawa da gangara. Daga ƙofar Sultan Hasan ana hango ta da ƙubbobin masallacin Muhammad Ali, kuma ga mai ciwon gwiwa hangen ya isa.

Azhar ku isa da kamar awa guda kafin huɗuba idan kuna son wuri a ciki kusa da ginshiƙi, inda Baba zai jingina.

Maman Ilham:

Assalamu alaikum. Sannu da jinya, ɗan'uwa. Ni harkar kaya ke kai ni Alƙahira, kuma na sha ɗaukar irin wannan mota idan na tafi da 'yan'uwa. Ban yarda da Malam ɗalibi ba a kan barin Giza. Mutum ya zo har Masar, bai san ko zai sake dawowa ba, a ce ya koma ganin dala a kalanda? Hujjar da ya kawo ta titunan safiyar Juma'a ita ce ma ke nuna cewa lokacin Giza ke nan, tunda ita ce mafi nisa daga masaukinku, tana ƙetaren kogin Nilu. Ku isa da zarar an buɗe ƙofa, kafin rana ta ɗaga, ku yi awa biyu, ku juyo zuwa Azhar. Kabarin Imamu Shafi'i ba ya gudu, bayan la'asar ma ana zuwa.

Abin da zan hana ku shi ne shiga cikin babbar dalar. Tikitinta daban ne, hanyar ciki ƙunci gare ta, a sunkuye ake hawa wani sashe, ga zafi ga ƙarancin iska, kuma abin da ke ƙarshen wahalar ɗaki ne da ba komai a cikinsa sai akwatin dutse wanda babu kowa a ciki. Daga waje ne ake ganin girmanta, idan mutum ya tsaya a gindinta ya ga dutse ɗaya a sahun ƙasa ya kai masa ƙirji. Akwai kuma wani tudu a bayan filin da ake hango dala ukun a jere, can ne ya dace da Baba.

Maganar kamfani kuwa, ku yi ta a rubuce kafin ku biya ko sisi. A faɗa muku ko kuɗin tikiti yana cikin farashin, domin sau da yawa ba ya ciki, kuma a manyan wuraren tarihi yanzu da katin banki ake sayen tikiti, ba a karɓar kuɗi a hannu, don haka ka tabbatar kana da katin da ke aiki a waje. A faɗa muku ƙarfe nawa awa takwas ɗin za ta fara ƙirguwa, da nawa ne kuɗin kowace awa da ta ƙaru. Mafi muhimmanci, ku ce ba ku son a tsaya da ku a kantin turare ko na takardar papirus. Wani direba ya taɓa ajiye mu a irin wannan kanti da sunan gidan tarihi ne, aka kawo shayi, aka yi ta buɗe kwalabe ana shafa mana a bayan hannu, kafin mu ankara lokacin shiga wani wurin ya wuce. Direba da ɗan jagora suna da kamasho a kan duk abin da baƙo ya saya, shi ya sa wasu tafiye-tafiyen suke araha a takarda.

A filin dala kuma, duk wanda ya miƙo maka rawani ko ɗan gunki ya ce kyauta ne, kada ka karɓa, kuma kada ka hau raƙumi sai kun yanke kuɗin hawa da na sauka. Ka tanadi canji ƙanana na fam ɗin Masar saboda masu ajiye takalma a masallatai, sannan ka ware wa direba ɗan ihsani na ƙarshen yini, al'adar garin ce.

Malamin Tarihi:

Allah ya ba Baba lafiya mai ɗorewa. Zan taɓa tambaya ta biyu, wadda ba a amsa ba tukuna. Aikin direba daban, na ɗan jagora daban. Direba yana sauke ku a bakin titi ne ya tafi neman inda zai ajiye mota, wanda a kewayen Azhar ranar Juma'a kan yi nisa ƙwarai. Ɗan jagora na gaskiya yana da lasisi daga ma'aikatar yawon buɗe ido ta Masar, yana ɗauke da katin shaida, kuma kuna da haƙƙin neman ganin katin. Sai dai yawancinsu sun fi ƙwarewa a tarihin Fir'aunoni, domin shi baƙin Turai ke nema, saboda haka idan za ku biya, ku ce wa kamfanin kuna son wanda ya karanci gine-ginen Musulunci. Larabcin Baba zai yi aiki da irin wannan mutum, tunda masu ilimi suna iya komawa Larabcin littafi. Da direba kuwa za a sha wuya, domin Larabcin titin Alƙahira wani abu ne daban.

Dalilin da ya sa nake ganin kuɗin ɗan jagora ba asara ba ne shi ne, tsohon birnin ba ya bayyana kansa ga wanda ya shigo da ka. Jauhar as-Siƙilli, kwamandan Faɗimawa, shi ya kafa Alƙahira a 969, aka fara ginin Azhar a 970, aka buɗe shi a 972, amma abin da ido ke gani yau aikin dauloli ne da yawa da aka ɗora wani a kan wani, hasumiyoyin ma ba na zamani ɗaya ba ne. Ba tare da mai nunawa ba, duka za su zame muku bango ɗaya. Ku tambaye shi kuma game da riwaƙan Azhar, wato ɓangarorin da aka keɓe wa ɗaliban kowace ƙasa, domin a cikinsu akwai na mutanen Barno. Baba zai ji daɗin sanin cewa malaminmu Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, a Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti. Imamu Suyuɗi ma, wanda ya yi wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, a wannan birni aka binne shi a 1505.

Game da gidan tarihi, ku nemi a fayyace muku wanne ake nufi, domin yanzu manya uku ne: tsohon da ke dandalin Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, sabon babban da ke kusa da Giza, inda kayan Fir'auna Tutankhamun suke, da kuma na wayewar Masar da ke Fusɗaɗ. Mutanenmu da yawa gawar Fir'auna suke son gani, su nufi Tahrir, alhali tun watan Afrilun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 zuwa Fusɗaɗ, ciki har da ta Ramsis na biyu da ta ɗansa Merneptah. Zauren a ƙarƙashin ƙasa yake, haskensa kaɗan ne, an hana ɗaukar hoto, kowace gawa tana kwance a akwatin gilashi an lulluɓe ta da farin ƙyalle, kai da ƙafafu a waje. Idan ɗan jagora ya nuna ɗaya ya rantse cewa shi ne Fir'aunan Annabi Musa, ku ɗauki maganar a matsayin ra'ayi, domin masana ba su haɗu a kan ko wanne ne ba. Wannan gidan shi ya fi dacewa da ku, saboda yana tsakanin masallacin Amru da kabarin Imamu Shafi'i, kuma kayan da ke cikinsa ba su kai na sauran yawa ba.

Ɗan Zazzau:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba duka, ya ce a yi Giza da safe saboda ni, Azhar da azahar, Imamu Shafi'i da Fusɗaɗ da yamma, a bar ganuwar. Abin da ya rage shi ne Khan al-Khalili, domin akwai tsarabar da mutanen gida suka ɗora mana. Tunda an ce kusa take da Azhar, za mu iya shiga bayan an idar da salla?

Ɗalibin Azhar:

Kusa take, amma babban titin Azhar ya raba su, kuma ana tsallaka shi ne ta hanyar ƙarƙashin ƙasa mai matakala, sauka da hawa, a daidai lokacin da jama'ar masallatai biyu, Azhar da Husaini, suke fitowa gaba ɗaya. Mota ba ta shiga lungunan kasuwar ko titin Mu'iz da ke gefenta, komai a ƙafa ake yi. Ban ga dalilin jefa Baba cikin wannan turmutsitsi ba, musamman da yake gidan tarihin Fusɗaɗ yana da lokacin rufewa, kasuwar kuwa tana ci har dare.

Bayan salla ku kira direba ya same ku a inda kuka yi alkawari tun kafin ku shiga, ku ci abinci, ku wuce gidan tarihin, sannan Imamu Shafi'i, ku yi magariba a masallacin Amru. Ka mayar da Baba masauki ya huta, ka biya kuɗin awannin da suka ƙaru ka sallami motar kamfani, kai kuma ka kira Uber ka dawo Khan al-Khalili bayan isha'i. Ka turo mini saƙo ta akwatin sirri idan kana son wani daga cikin ɗalibanmu ya raka ka ciniki, domin farashin farko da za a faɗa wa baƙo a kasuwar nan ba shi ne farashin kaya ba.