Wai dole ne sai na iya zane kafin in haɗa katun a kwamfuta?

Sabon shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na fara koyon Blender, manhajar haɗa katun a kwamfuta, burina in riƙa motsa mutanen katun na 3D, amma hannuna bai iya zana komai ba. Ku da kuka daɗe a harkar, yaya abin ya kasance muku?

Mai fensir: Wa'alaikumussalam. Ni har gobe ba na taɓa kwamfuta sai na cika takarda da 'yan zane-zane, kowanne bai fi babban yatsa ba. Sakan ɗaya na fim firam 24 ne, wato hotuna 24 a jere. Manhaja za ta cike maka abin da ke tsakanin tsayuwa biyu, amma zaɓen tsayuwar aikinka ne. A takarda zan gwada tsayuwa iri-iri kafin wani ya gama juya gwiwar hannu ɗaya ta katun da linzamin kwamfuta.

'Yar aji: Gaskiya ne, Malam. Mu malaminmu tsayar mana da mutum yake yi, ya ba mu sakan 30 mu zana shi, sai ya sa ya canza tsayuwa. Babu lokacin ido ko hanci, layin da ya taso daga kai zuwa dunduniya kawai za ka kama. A nan na fara lura cewa idan mutum ya ɗora nauyinsa a ƙafar dama, ƙugun wannan ɓangaren yana ɗagawa, kafaɗar kuma ta sauka. Kullum muna ganin haka, amma sai da na zana na gan shi da gaske. Daga nan mutanen katun ɗina suka daina shawagi, suka fara taka ƙasa.

Mai saka ƙashi: To ni kam bari in ɗan saɓa muku. Aikina saka wa katun ƙasusuwa da gaɓoɓi a manhajar Maya, kuma zanena abin dariya ne. Na yi aiki da masu motsa katun da wayarsu suke ɗaukar bidiyon kansu suna tsalle, su bi shi firam-firam, aikinsu kuma ba ya da makusa. Inda dai na ga masu zane sun sha gabanmu shi ne wurin gyara: darakta ya ja layi biyu a kan hotonka, an gama magana. Mu sai mu yi ta bayani da baki.

Tsohon hannu: Ƙa'idojin motsi 12 da Frank Thomas da Ollie Johnston na Disney suka rubuta a 1981 daga fensir suka fito, ɗaya daga cikinsu ma zane ne mai nuna jiki da nauyi. John Lasseter na kamfanin katun na Pixar ya nuna a 1987 cewa ƙa'idojin suna aiki a kwamfuta ma. Abin da nake gwada ɗalibaina da shi: su mayar da katun ɗin baƙi ƙirin kamar inuwa. In ba a gane yana fushi ko yana gajiya ba, tsayuwar ba ta yi ba.

Sabon shiga: Na gode ƙwarai. Ke nan in ajiye Blender tukuna?

'Yar aji: A'a ɗan'uwa, haɗa su. A cikin Blender ɗin ma akwai Grease Pencil, kana iya zane kai tsaye. Fara da ƙwallo mai faɗowa: ta lotse idan ta bugi ƙasa, ta miƙe idan ta tashi.